Me ya sa ranar da soja ya faɗa ba ta cika tsayawa ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ɗana soja ne, yana Borno, shekararsa ta biyu ke nan a can. Tun kafin damina ya ce an sa sunansa a wani kwas, in ya gama za a ba shi hutu ya zo gida. A kan maganarsa muka sa ranar aurensa bayan kaka. Sau uku ana ɗagawa. Na ƙarshen ma cewa ya yi ya taso har ya isa makarantar, aka ce masa an ɗage kwas ɗin, ya juya. Yanzu iyayen yarinya sun fara cewa yaudara ce, ni kaina na fara kokwanto. Shin aikin soja da aka sani da tsari yana iya yin haka, ko yaron ne ke ɓoye mini wani abu? Kuma yaya zan yi da surukai?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara haƙuri, ya nuna mana wannan aure lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko gidan soja na iya sa rana ya tashe ta har sau uku, a saki yaro ya yi doguwar tafiya a banza, sannan yadda za ka fita kunyar mutanen da ka ba alkawari. Na fara aikin soja a ɓangaren sigina, wato sadarwa, daga baya na daɗe a ofishin bataliya, inda takardun hutu da na kwas ke bi ta hannuna, kafin in ajiye kaki in dawo gona a ƙasar Tudun Wada. To, a kan abin da na gani zan ba ka amsa: labarin da ɗanka ya ba ka ba baƙo ba ne. Har zancen a isa makaranta a juya, ya sha faruwa a gabana.

Mutanen gari suna ganin soja a fareti, ƙafa ɗaya hannu ɗaya, sai su ɗauka haka takardunsa ma suke tafiya. A bariki lokacin zaman lafiya, kusan haka ne. Amma da zarar an kai mutum fagen daga, duk wani horo da hutu sun koma bayan layi. Aikin da aka kai shi yi shi ne gaba, kome kuma jira yake.

Hanyar da magana ke bi kafin ta isa kunnen yaro

Sojan ƙasa na Najeriya yana da makarantu a warwatse: ta sojan ƙafa a Jaji kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, ta masu tankar yaƙi a Bauchi, ta manyan bindigogi a Kachiya, ta injiniyoyi a Makurɗi, ta sigina a Legas, ga ta dakaru na musamman a Buni Yadi cikin Yobe. Kowace tana da jadawalin kwasa-kwasanta na shekara. Idan lokacin kwas ya ƙarato, sai a fitar da saƙon da muke kira sigina, ɗauke da sunaye da lambobi da ranar da za a hallara. Siginar nan daga hedikwata take sauka zuwa dibishan, dibishan ta ba birged, birged ta ba bataliya, bataliya ta ba kamfani, wato ƙaramin rukunin sojoji da ke ƙarƙashinta, kamfani kuma ya nemi yaron a duk ramin da yake gadi. A kowane mataki akwai akawun da zai karɓa ya rubuta a littafi, da hafsan da zai sa hannu, da mai rediyon oba-oba da zai karanta wa na gaba. Abin kamar ruwan Tiga ne a noman rani: mai gonar bakin babbar kwata ya sha tun da safe, mai ta ƙarshe yana nan yana leƙe, wani lokacin ma sai an rufe daga sama sannan ragowar ke iso masa.

Ga inda aka fi samun tangarɗa, kuma ina jin nan ɗanka ya faɗa. Yawancin sojojin da ke Borno ba 'yan can ba ne na asali. Tun da aka kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013, ake ɗebo mutane daga bataliyoyin Kano da Kaduna da Legas da Inugu ana ƙara wa aikin, wanda aka kira Lafiya Dole daga 2015, aka mayar da shi Haɗin Kai a 2021. Sai ya zama soja yana da gida biyu: bataliyarsa ta asali mai riƙe da fayil ɗinsa, da wadda aka ba ta aronsa mai riƙe da jikinsa. Siginar kwas sau da yawa gidan asali take zuwa. Su kuma sai sun sake rubuta wata su aika gaba su ce a sako musu mutuminsu. Kwamandan da ke riƙe da shi a daji ba dole ya sake shi nan take ba, domin in ya cire mutum ɗaya daga kan bindiga mai jigida, sai ya san wanda zai ɗora. Kafin a gama wannan kai-kawo, ranar hallara ta wuce, ko kuma saura kwana biyu.

To, yanzu ka ƙara wannan a kai: makaranta ta ɗage kwas, saboda kuɗin ciyarwa ba su sauka ba, ko harsashin horo bai iso ba, ko malaman da za su koyar an kwashe su zuwa wani aiki. Za ta fitar da sigina ta biyu mai gyara ta farko. Wannan ta biyun ita ma sai ta bi duk matakan da na lissafa. Yaro kuwa ya riga ya karɓi takardarsa ya bi kwambar motoci ya fito. Yana kan hanyar Damaturu zuwa Potiskum, gyaran yana kan teburin wani akawu. Ya isa ƙofar makaranta da jakarsa, mai gadi ya duba littafi ya ce babu wannan kwas a wannan wata. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, takarda ce ɗaya ta riga ɗaya.

Wani abin kuma namu ne na 'yan Arewa: suna. A bataliya guda sai ka sami mutum uku suna ɗaya, sunan uba ɗaya. Abin da ke raba su lamba ce, wadda ke farawa da shekarar da mutum ya shiga aiki. Akwai ranar da sigina ta zo mana da sunan wani kofur, mai bugawa a sama ya juya lambobi biyu na ƙarshe. Kamfanin da ya fara gani ya ce nasa ne, aka ba mutumin kuɗin mota, ya yi sallama da abokai, har ya raba musu sauran garin kwakinsa da sukari. Bayan ya tafi ne samanjan wani kamfanin ya shigo ofis da nasa kofur ɗin a bayansa, riƙe da tsohuwar takardar da ke nuna shi aka yi wa alkawarin gurbin tun bara. Aka bi na farko da waya aka dawo da shi daga tasha, na biyun kuma ya isa a makare aka ƙi karɓarsa. Gurbi ɗaya, mutum biyu, aka tashi ba wanda ya samu. Duka biyun kuwa sun riga sun buga waya gida sun ce suna tafe.

Agogo da kalanda

Soja ba ya cewa shida na safe ko shida na yamma. Awa 24 yake ƙirgawa: 0600 safiya ce, 1800 magariba. A sigina ana haɗa rana da lokaci wuri guda, misali 150600A, wato ranar 15 ga wata, ƙarfe shida na safe, harafin A kuma yana nufin agogon Najeriya, wanda ke gaban na Landan na asali da awa ɗaya. In harafin Z ne, to agogon da duniya ke auna sauran da shi ake nufi. Ko tsakar dare ba mu rubuta shi cif, sai a sa 2359 ko 0001, don kada a yi gardamar daren wace rana ce.

A cikin gida wannan ba ya cika ba da wahala, tunda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru duk agogonsu ɗaya, shi ya sa rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena ba ta da wannan ciwon kai. A waje ne ake shan ta. Laberiya da Saliyo da Mali suna bayanmu da awa ɗaya. Sudan kuwa, lokacin da muke Darfur, tana gabanmu da awa biyu, sai a 2017 suka mayar da agogonsu baya da awa guda. A can Darfur na ga an shirya horon harbi tare da wata rundunar baƙi, mu muka karanta lokaci da agogon gari, su suka karanta da harafin Z, muka shanya mutane a rana tun hantsi har suka fara jiƙa hula da ruwan gora, abokan aikin ba su iso ba sai bayan awa uku, wato tazarar agogon garin da na Z a lokacin, kuma a lissafinsu ko minti ɗaya ba su makara ba. Rubutun kwanan wata ma haka: mu da Ingila rana muke fara sawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa da shi. Takardar da ta ce 03/04, a wurinmu 3 ga Afrilu ce, a wurinsu 4 ga Maris. Duk bataliyar da ta taɓa karɓar masu horarwa daga waje ta san dalilin da ya sa ake nacewa a rubuta sunan wata da haruffa.

Akwai kuma cutar da kowane soja ya sani, ta rage lokaci. Kwamanda ya ce a taru 0800. Mai kamfani, wato hafsan da ke shugabantar kamfanin, don kada a ji kunya, ya ce 0730. Samanja ya ce 0700. Sajen filatun ya ce 0630. Kofur ya tashi yaransa tun kafin kiran assalatu. Sai a tsaya a fili awa biyu ana jiran abin da tun asali ba a ce yanzu ba ne. A makaranta ana koya wa hafsoshi cewa in an ba ka lokaci, ka ci kashi ɗaya cikin uku wajen tsarinka, ka bar wa na ƙasa kashi biyu su yi shiri. A aikace sau da yawa akan juya lissafin, na sama ya cinye kusan duka, na ƙasa ya ji magana da daddare a ce gobe da asuba.

Kada kuma mu ɗora wa soja laifin duka, domin tsakanin waya da zaure ma magana na canzawa. Yaro ya saba da lissafin bariki, ya ce zai taso daren Juma'a yana nufin bayan an sauko masallaci rana ta faɗi, ku kuma a gida daren Juma'a tun magaribar Alhamis ya shiga. Ya ce "wata mai zuwa" yana nufin na Bature, tsohuwa ta ƙirga da tsayuwar wata. Ya ce "an sa sunana", wato an tura sunansa cikin waɗanda ake nema wa gurbi, gida aka ji "an ba ni". Ga layin waya da ke yankewa a tsakiyar magana. Ka tuna a 2013 an rufe layukan waya ɗungurum a Borno da Yobe na wani lokaci, aka sake yin irin haka a Zamfara a 2021. Har yau akwai wuraren da sai mutum ya hau tudu ko saman mota yake samun sabis.

Sauran dalilan gajeru ne. Ba a barin wuri sai mai canji ya iso ya karɓa, in motarsa ta lalace a hanya kai ma ka zauna. Garuruwa da dama a Borno ba a fita daga cikinsu sai ranar da aka shirya rakiya. Da damina ƙasar firgi ta yankin tafki tana riƙe mota kwana da kwanaki, da hunturu hazo na hana jirgi sauka. In aka kai hari ko aka sami labarin ana shirin kaiwa, a dakatar da duk wani fas, wato izinin tafiya gida, da kwas a rana ɗaya. Wani lokacin kuma da gangan ake ɓoye ranar tashi har sai dare ya yi, saboda bam ɗin da ake binnewa a hanya labari yake jira. Wannan na ƙarshe ba sakaci ba ne, kuma ni ba na son a gyara shi. Wanda ke ba ni haushi shi ne na akawun da ya bar takarda a aljihun tebur ya tafi hutun ƙarshen mako, ko hafsan da ya san an ɗage kwas bai ɗaga waya ya tsayar da yaro ba. Wannan kam sakaci ne, kuma talakan soja ne ke biyan kuɗin motarsa.

To, gaskiya ya faɗa ko kuwa?

Zuciyar ɗanka kai ka fi ni saninta, ni siffar labarin kawai zan iya auna maka, kuma siffar ta yi daidai da yadda abin ke faruwa. Ba zan ɓoye maka ba, akwai yaran da ke fakewa da "an ɗage" alhali kuɗin lefe ne ba su haɗu ba, ko ransu ya fita daga maganar suna jin nauyin faɗa. Yadda ake ganewa ba wuya. Ɗagewar gidan soja ba ta samun mutum ɗaya, tana haɗawa da abokan tafiyarsa, kuma mai gaskiya zai gaya maka sunan kwas ɗin, da garin da ya kwana a hanya, da abin da ya kashe, ba tare da ya tsaya tunani ba. Ka kira shi ku biyu, ba a gaban iyayensa mata ba, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da ya gaza. In kuɗi ne, ya fi sauƙin magani a kan zargi.

Abu biyu zan roƙe ka kada ka yi. Kada ka ce ya ɗauki hoton sigina ya turo maka ta WhatsApp don ka nuna wa surukai. Doka ta hana shi, kuma in hoton ya zaga ya dawo, gadirum, wato ɗakin tsare sojoji, zai kwana. Sannan duk wanda ya kira ka ya ce shi hafsa ne, ka turo kuɗi a sako ɗanka hutu, ɓarawo ne. Fas ba a sayar da shi.

Abin da ya fi waɗannan girma: kada a matsa masa har ya taho ba izini. Na ga yaran da uwa ta yi wa kuka a waya, ko aka ce musu in ba su zo ranar kaza ba an fasa, suka sulale suka hau mota. Barin wurin aiki ba izini laifi ne a dokar soja ko a bariki, balle a fagen daga, inda zai iya kai mutum kotun soja, ya rasa igiya ko aikin gaba ɗaya. An yi biki an watse, ango ya koma ya tarar da tuhuma.

Ga yadda nake ba iyayen sojoji shawara a nan yankinmu. Rana a gidan soja ba ta zama rana sai ta fito a rubuce cikin odar bataliya, yaro kuma ya riƙe takardar fas mai hatimi, da ranar fita da ranar komawa. Kafin nan duk abin da ya gaya maka fata ne, ko da kwamanda ne ya faɗa masa da bakinsa. Saboda haka a raba ɗaurin aure da zuwansa. A al'adarmu da addininmu ango ba sai yana wurin ake ɗaurawa ba: ga waliyyi, ga wakili, ga sadaki, ga shaidu, magana ta ƙare. Ka tuntuɓi limaminku, yaro ya naɗa ka ko ƙaninka wakilinsa a waya a gaban mutum biyu, a ɗaura a ranar da kuka ga dama. Wannan kaɗai zai kashe zancen yaudara, domin mai yaudara ba ya biyan sadaki. Tarewa da taron biki kuma a bar su a buɗe, a ce duk makon da ya sauka. Kayan da ba sa lalacewa a tanade su tun yanzu da hatsi ke da araha, abin yanka da cefane a bari sai ya kira ya ce ya wuce Azare. Daga nan zuwa ƙasar Ringim akwai isasshen lokacin aika yara su sanar da dangi.

Zuwa wurin surukai kuma, zuwa da kai ya fi aike. Ka ɗauki dattijo ɗaya, in da hali wanda ya taɓa sa kaki, ko ɗan sanda ne mai ritaya, ya yi musu bayani da bakinsa. Kada ka sake ba su wata rana. Ka ba su zaɓi: a ɗaura yanzu a jira tarewa, ko a jira gaba ɗaya ba tare da sa lokaci ba. Su ma suna da hakki, yarinya ce a hannunsu, mutanen gari kuma na magana.

Shi kuma yaron, ya daina dogara da alkawarin baki. Ya rubuta takardar neman fas, ya faɗi dalili, ta bi ta hannun sajensa zuwa mai kamfani zuwa kwamanda, kuma ya nemi tsakanin ranar kaza da ranar kaza maimakon rana ɗaya tak, don ya ba su wurin juyawa. Kada ya rataya hutun a wuyan kwas, domin in kwas ya sake tashi, hutun ya bi shi. Kafin ya sake tasowa zuwa kowace makaranta, ya roƙi akawun bataliya ya kira can a tabbatar ranar tana nan, ya kuma duba lambarsa a siginar da idonsa, harafi da harafi. Ba da fas ko hanawa hukuncin kwamandansa ne, yana duban yawan mutanen da ke hannunsa da halin da wurin ke ciki, ni da na bar aiki ba ni da ta cewa a nan. Amma kwamandoji mutane ne, kuma takardar da ta zo a kan tsari da dalilin aure ta fi samun shiga a kan ƙorafi a bayan tanti.

In an ɗaura, ya kai shaidar auren ofis a buga a oda kashi na biyu, inda ake shigar da aure da haihuwa da ƙarin girma, ya kuma sake duba takardar magajinsa. Da wannan ne matar za ta shiga lissafin hukuma, ta sami katin asibiti, shi kuma ya shiga layin neman ɗaki a bariki.